Abin da Dorcas Ta Bari a Ma'ajiya

Da safiyar Juma'a Malam Zakariyya'u yana zaune a zauren gidansa na Tudun Wada yana goge tabarau da gefen rigarsa, sai wayarsa ta yi ƙara. Lambar Dorcas ce, abokiyar aikinsa. Da ya ɗauka sai ya ji muryar namiji.

"Baba Zakari, Joseph ne, mijin Dorcas. Muna asibiti tun jiya da la'asar. Jininta ne ya hau. Likita ya ce ba za a jira ba, yau da safen nan za a yi mata aiki a ciro abin da ke cikin."

"Subhanallahi. Ai da sauran lokaci."

"Saura sati bakwai." A bayan Joseph ana jin ƙarar ƙafafun gadon asibiti. "Ta ce lallai in kira ka kafin a shiga da ita. Ta ce littafin yana cikin aljihun teburinta na ƙasa. Ta ce kada ka jira ta."

Malam Zakariyya'u ya yi musu addu'a, ya ce wa Joseph ya riƙa sanar da shi halin da ake ciki. Da ya ajiye wayar ya tashi ya fara shirin fita. Ya san aikin da take nufi. Shi ne wanda suka shirya yi tare a ranar, ita a kan kujera, shi a gefenta yana kallo.

Wurin aikinsu wata ƙungiya ce mai suna Zumuntar Masu Ba da Jini, mai ɗaki biyu a saman wani shagon fenti a Unguwar Mu'azu. Hajiya Hafsat ce ta kafa ta bayan ta yi ritaya daga aikin jinya. Ƙungiyar tana riƙe da sunayen mutum fiye da dubu huɗu da suka yarda a kira su idan ana neman jini. Ƙananan asibitoci tara, daga Kakuri har Gonin Gora, suna shiga shafin ƙungiyar na intanet. Nas za ta rubuta irin jinin da ake buƙata, nan take saƙo ya tafi wayoyin waɗanda suka fi kusa. A cikin bayanan akwai abin da ba a so kowa ya gani: sakamakon gwajin kowa, har da waɗanda aka ce su daina ba da jini saboda ciwon hanta ko ƙanjamau, wasunsu ko iyalinsu ba su sani ba.

Shi Malam Zakariyya'u ba da kwamfuta ya fara ba. Shekara goma sha shida ya yi yana aikin lantarki a wata masaƙa a Kakuri. Shekara uku bayan soja sun koma bariki aka rufe ta, aka sallame su. Ya koma gyaran fanka da dutsen guga a ƙofar gida, daga baya Hajiya Hafsat ta ɗauke shi ya riƙa kula da janareta da batura. Haka yake har Dorcas ta zo, shekara huɗu da suka wuce, 'yar Zonkwa mai digirin kwamfuta da saurin magana. Wata rana ta tarar da shi yana zana hanyar wayoyin ofis a bayan tsohuwar kalanda, kowane layi da lambarsa. Ta tsaya ta kalla, ta ce, "Baba Zakari, wanda ya iya bin waya daga mita har cikin inji, ai zai iya bin abin da nake yi." Ya yi dariya ya ce shi da yatsa ɗaya yake danna waya ma. Ta ce yatsa ɗaya ya isa. Tun daga nan kowace Talata bayan azahar sai ta jawo masa kujera.

A wurinta ya koyi cewa shafin ƙungiyar ba a cikin ofishin yake zaune ba. Yana kan wasu kwamfutoci biyu na haya da ke can a intanet, abin da masu aikin ke kira kulawud. Babu wani a ofishin da ya taɓa ganinsu da ido, daga nesa ake ba su umarni. Dorcas ta raɗa musu suna, ɗaya Romi, ɗaya Rido. Kowace tana buƙatar satifiket, wata shaida da ke tabbatar wa kwamfutar asibiti cewa da Zumunta ta gaskiya take magana, kuma ita ce ke kulle zancen a hanya don kada wani ya karanta. Satifiket ɗin yana da makullinsa na sirri. Wanda ya sami makullin zai iya yin sojan gona da sunan ƙungiyar. Shi ya sa Dorcas ba ta taɓa ajiye shi a kwamfutarta ko a filashi ba. Yana cikin wata ma'ajiya mai tsaro a can kulawud ɗin, kowane inji, wato Romi ko Rido, shi ne da kansa ke zuwa ya karɓa idan ma'ajiyar ta san shi.

Satifiket yana da wa'adi. Na bana zai ƙare a ranar, da ƙarfe ɗaya na rana. Dorcas ta riga ta karɓo sabo ta saka a ma'ajiya tun Litinin. Abin da ya rage shi ne a ɗora shi a kan Romi da Rido. Idan ɗaya ta buga ba a yi ba, kwamfutocin asibitocin za su ƙi buɗe shafin, ga shi ana shiga ƙarshen mako, lokacin da hanyar Abuja ta fi cika da motoci.

Ya hau Keke Napep ya isa ofis tara saura. Hajiya Hafsat tana nan, carbi a hannu, wayarta a kan cinya. Joseph ya riga ya kira ta.

"Malam Zakari, ka ji abin da ya faru."

"Na ji, Hajiya. Allah Ya raba lafiya."

"Amin. Ni na san irin wannan hawan jinin, na gan shi a ɗakin haihuwa ba sau ɗaya ba. Idan aka yi sauri ana samun sa'a." Ta juya carbin. "To, wannan aikin da ta yi ta faɗa mini tun makon jiya, na yau ne ko?"

"Na yau ne. Kafin ƙarfe ɗaya."

"Za ka iya?"

Ya ce bari ya duba littafin.

Littafin makaranta ne mai bango ja, irin mai shafi tamanin. Dorcas ta kusa cika shi da rubutunta mai tsaye, Hausa a inda take bayani, Turanci a inda umarnin kwamfuta yake. A shafin farko ta rubuta da manyan baƙaƙe: Karanta layi duka kafin ka danna komai. Ya zauna a kujerarta, ya sa tabarau, ya yi bisimilla.

Ya fara da Romi, tsohuwar, wadda ta fi shekara uku tana aiki. Ya shiga da sunansa da kalmar sirrinsa, wayarsa ta kawo lamba shida, ya saka. Baƙin allo ya buɗe da 'yan fararen haruffa. Ya kwafi umarnin farko harafi bayan harafi, yana bin littafin da yatsan hagu, yana dannawa da na dama. Umarnin yana cewa injin ya je ma'ajiya ya nuna kansa ya karɓo sabon satifiket. Ya karanta layin sau biyu, ya danna. Layuka suka gudana, suka tsaya. Na ƙarshe ya ce an karɓa. Ya bi umarni na biyu, wanda ke sa shafin ya ajiye tsohon ya ɗauki sabon. Sannan ya buɗe shafin, ya danna ɗan kwaɗon da ke gefen adireshi kamar yadda ta koya masa. Ranar ƙarewa ta koma baɗi.

"Ɗaya ta shiga," ya ce.

Hajiya ta ce alhamdu lillahi, ta tashi ta jona butar shayi.

Ya juya kan Rido da ƙarfin gwiwa. Ita sabuwa ce, makon da ya wuce Dorcas ta kafa ta a madadin wata da ta tsufa. Asibitoci biyar a kanta suke, har da babban na Gonin Gora da ke bakin hanya. Ya rubuta umarnin nan dai, ya danna. A wannan karon layi biyu kawai suka fito, na biyun ja. An hana izini.

Ya ɗauka kuskuren rubutu ya yi. Ya sake, a hankali. Ja. Ya goge tabarau ya sake na uku, amsar ba ta canza ba. Ya zauna ya karanta jan layin kalma bayan kalma, ya gane abin da yake cewa. Ma'ajiyar ba ta san Rido ba. Dorcas ta kafa injin, ba ta kai ga gabatar da shi ga ma'ajiyar ba. Wataƙila da safen nan ta yi niyyar yi, a gabansa, don ya gani.

Ya yi wa Hajiya bayani. Ta tambaya waye ke da ikon gabatarwar.

"Dorcas," ya ce.

Agogon bango ya nuna goma da rabi. Hajiya ta kira Joseph. Ya ce an shiga da ita minti ashirin da suka wuce, ba a ce masa komai ba tukuna, wayarta kuma tana hannunsa amma bai san lambar buɗe ta ba. Hajiya ta ce ya bar zancen waya, ya zauna ya yi addu'a.

Ta yi ɗan tunani, sannan ta ce akwai wani Tony, abokin ɗanta, da ke irin wannan aikin a Abuja. Ta kira shi ta sa a sifika. Tony mutum ne mai fara'a, ya gaishe ta da ladabi, ya saurari Malam Zakariyya'u har ya gama.

"Oga, wannan ƙaramin abu ne," in ji Tony. "Ka ce satifiket ɗin ya riga ya sauka a kan injin farko ko? To ka shiga can ka kwafo shi da makullinsa, ka turo mini ta WhatsApp, da kalmar sirrin na biyun. Minti biyar na ɗora muku. Ko kai ma ka kwafa ka liƙa da kanka, ba sai an bi ta ma'ajiya ba."

Hajiya ta kalli Malam Zakariyya'u, fuskarta ta ɗan saki.

Ya san zai yiwu. Ya ma san inda makullin yake a cikin Romi. Ya kuma san ƙarfe nawa ne. Ya ɗora hannu a kan littafin ya ce, "Malam Tony, na gode ƙwarai. Amma makullin nan bai taɓa bi ta waya ko kwamfutar mutum ba. Idan na turo maka, yana wayata, yana wayarka, yana duk inda wayoyin nan ke ajiye abu. Ba zan iya cewa ga iyakar inda ya tsaya ba."

"Sai mu goge bayan an gama."

"Ban san yadda ake tabbatar da an goge ba. Kai ka sani?"

Tony ya yi 'yar dariya. "Gaskiyarka, Oga. A ƙa'ida ba a yi. Ni dai lokaci nake duba muku."

Da aka kashe wayar Hajiya ta matso da kujerarta. Ba ta ɗaga murya ba, ba ɗabi'arta ba ce.

"Malam Zakari, ni ban san kwamfuta ba. Jini na sani. Idan aka kawo mutum daga hatsari da ƙarfe biyu, nas ta buɗe shafi ya ƙi, me za mu ce?"

"Idan ƙarfe ɗaya ta yi ban gama ba, Hajiya, zan mayar da asibitocin nan biyar kan Romi. Za ta yi nauyi, za ta yi jinkiri, amma za ta ɗauka zuwa Litinin. Akwai yadda ake yi a littafin. In ma ta ƙi, ga takardun sunaye a kabad, mu raba mu kira da baki kamar da. Amma mutanen nan da suka ba mu sakamakon gwajinsu, ke kika yi musu alkawari da bakinki. Ina wurin."

"Na ba ka zuwa sha biyu da rabi," ta ce. "Daga nan sai ka yi waccan dabarar."

Ya koma littafin yana neman shafin mayar da asibitoci, don ya shirya tun da wuri. Yana cikin buɗawa ya ga wani shafi da bai taɓa karantawa ba, can kusa da ƙarshe, bayan wasu fararen shafuka. Kansa yana cewa: Idan ma'ajiya ta ƙi inji. A ƙasa ta rubuta:

"Baba Zakari, idan kana karanta wannan, ba na nan ke nan. Tun watan Maris na saka sunanka cikin masu iko da ma'ajiya. Ban faɗa maka ba, don na san za ka ce in cire, ka ce kai mai janareta ne. Ikon ba ya aiki sai ka nema, kuma sai Hajiya ta amince a wayarta, sannan na awa ɗaya ne. Ka ba injin izinin karanta satifiket kawai. Kada ka ba shi na rubutawa ko na gogewa, ko da ka ga ya fi sauƙi. Na ga yadda kake aiki shekara huɗu. Ban taɓa ganin ka haɗa waya ba ka gwada ta ba."

Ya karanta har ƙarshe, ya cire tabarau ya riƙe a hannu. A masaƙa ya yi shekara goma sha shida, makullin ɗakin mita bai taɓa kwana a aljihunsa ba, kullum sai ya je ya roƙa a wurin wani. Ya miƙa wa Hajiya littafin.

Ta karanta, ta ce, "Yarinyar nan." Sai kuma ta ce, "Ashe abin da ta saka mini a waya ke nan. Ta ce wata rana zai tambaye ni, in ga sunanka ko nata kafin in yarda."

Ya bi matakan da ke ƙasan shafin. Ya shiga ma'ajiyar, ya nemi ikon, aka tambaye shi dalili, ya rubuta da Turancinsa na masaƙa cewa sabon inji ne ke buƙatar satifiket. Wayar Hajiya ta yi ƙara. Ta nesanta ta da fuskarta don ta gani da kyau, ta karanta sunansa a bayyane, Zakariyya'u Abubakar, ta danna.

Jerin izini ya buɗe a gabansa, ya fi goma, kowanne da ɗan akwatinsa. Na saman duka yana cewa a ba da komai, dannawa ɗaya. Ya wuce shi, ya gangara yana karantawa har ya sami na karanta satifiket. Ya zaɓi Rido. A nan ya tsaya, domin Rido biyu ya gani a jerin, tsohuwar da aka kashe da sabuwar, sunansu ɗaya, sai dogayen lambobin da ke gefensu ne suka bambanta. Ya koma baƙin allon ya tambayi injin lambarsa, ya rubuta ta a bayan ambulan, ya gwada da na jerin, harafi takwas na farko da huɗu na ƙarshe. Ta biyun ce. Ya zaɓe ta ya ajiye.

Ya sake ba Rido umarnin. Ja.

Ya duba littafin, ya ga a gefen shafin ta rubuta da fensir cewa izini yakan ɗauki minti biyar kafin ya kama, a sha ruwa. Ya sha shayin da ya huce. Sha biyu saura kwata ya sake dannawa. Layuka suka gudana, na ƙarshe ya ce an karɓa.

Murna ta sa ya yi abin da shafin farko ya hana. Ya rubuta umarni na biyu da sauri bai karanta ba, ya tsallake harafi ɗaya a sunan wurin da satifiket ya sauka. Shafin ya ajiye tsohon, ya nemi sabon a inda babu shi, ya tsaya cik. Kafin ya gane abin da ya faru wayar ofis ta yi ƙara. Sista Rebecca ce daga asibitin Gonin Gora, tana cewa shafi ya ɗauke tana tsakiyar shigar da sunan wani sabon mai ba da jini.

"Laifina ne, Sista," ya ce. "Akwai mara lafiya da ke jira?"

"Babu a yanzu."

"To ki ba ni minti biyar, kada ki kashe wayar."

Ya sa yatsa a kan layin littafin, ya sa ido a kan allo, ya bi su tare har ya ga gurbin harafin. Ya gyara. Ya karanta sau biyu, ya danna.

"Ya dawo," in ji Sista Rebecca.

Ya roƙe ta ta danna ɗan kwaɗon ta karanta masa ranar da ta gani. Ta karanta, baɗi ce. Ya kira sauran asibitoci huɗun ɗaya bayan ɗaya, kowa ya karanta masa ranar. Sannan ya koma ma'ajiya ya mayar da ikon da aka ba shi, ko da yake saura minti goma sha biyu ya ƙare da kansa. A ƙasan shafin Dorcas ya rubuta kwanan wata, da abin da ya yi, da kuskuren da ya yi, da minti shida da shafin ya yi a kashe.

Yana alwala a baranda zai tafi masallaci Hajiya ta fito da waya a kunne, tana ɗaga masa hannu. An fito da Dorcas. Mace aka samu, an sa ta a kwalba. Uwar ba ta farka ba tukuna, amma likita ya ce jinin ya fara sauka.

Sai ranar Lahadi da yamma aka bar baƙi su gan ta. Malam Zakariyya'u ya je da ledar lemo da ayaba. Ya tarar da ita an jingina ta da filo biyu, fuskarta a kumbure, ƙarin ruwa a hannu. Joseph yana tsaye a bakin taga. Wata dattijuwa mai ɗankwalin zumuntar matan coci tana zaune a kan tabarma tana haɗa kunu, ita ce Mama Comfort, mahaifiyar Joseph.

"Baba Zakari," in ji Dorcas, muryarta ƙasa-ƙasa. "Hajiya ta ce ka yi."

"An yi. Yaya jikin? Shi ne abin tambaya."

"Da sauƙi. Faɗa mini yadda aka yi. Tun da na farka nake tunanin Rido. Ina kan gadon tiyata na tuna ban gabatar da ita ba, na so in faɗa wa likita, ya ce in ƙirga zuwa goma."

Joseph ya ce likita ya hana ta zancen aiki. Ta ce wannan ba aiki ba ne, labari ne. Malam Zakariyya'u ya zauna a kujerar roba ya ba ta labarin tun daga farko, bai rage komai ba, har zancen Tony da minti shidan. Da ya zo kan Rido biyu ta rufe ido.

"Da ka zaɓi ta farko, da ka yi awa kana neman dalili. Ni na manta ban goge ta ba. Yaya ka gane?"

"Na tambayi injin lambarsa."

"Ban koya maka wannan ba."

"Kin koya mini. Bara, ranar da aka yi ruwan nan da ya shigo ta taga."

Ta yi murmushi. Shi kuma ya gyara zama, ya sunkuyar da kai kaɗan, domin maganar da ya zo da ita tun daga gida ta fi labarin wuyar faɗa.

"Dorcas, na ga abin da kika rubuta. Ni dai ban san me zan ce ba. Na kai shekara hamsin da bakwai, na ɗauka abin da na iya na iya, saura jiran lokaci. Kika zo kika zaunar da ni kamar ɗan aji ɗaya, ba ki taɓa nuna kin gaji ba, ko ranar da na goge miki aikin kwana biyu. Allah Ya saka miki da alheri. Allah Ya raya abin da aka samu, Ya sa ta yi miki abin da kika yi mini."

"Amin, Baba." Ta share ido da bayan hannun da babu allura. "Ni ce da godiya. Na shiga ɗakin tiyata da tsoro iri-iri, amma ban ji tsoron za a tura makullin nan ta waya ba. Na san wanda na bar wa."

Mama Comfort, da ke saurare tun ɗazu, ta tambayi Joseph da yarensu, ya amsa mata. Sai ta juyo ta ce da Hausa, "Ashe kai ne abokin aikin nata. Kullum Baba Zakari, Baba Zakari. Na ɗauka wani babban oga ne mai mota." Suka yi dariya, Dorcas tana riƙe ciki tana cewa su bari, ɗinkin yana ja. Dattijuwar ta zuba masa kunu a kofi, ta ce na gero ne da tsamiya, babu abin da zai hana shi sha. Ya karɓa da hannu biyu.

Da zai tafi Joseph ya raka shi, suka bi ta ɗakin jarirai. Ta gilashi ya nuna masa ta uku daga hagu. 'Yar mitsitsiya ce, ƙirjinta yana hawa yana sauka da sauri, an naɗe mata kai da bandeji.

"Nas ta ce a kawo hula," in ji Joseph. "Sanyi ta kai yake shigarsu. Na zaga kasuwa jiya, duk wadda na samu ta yi mata girma, har hanci take rufewa."

Malam Zakariyya'u ya ciro waya ya kira matarsa Ladi, wadda ke saƙa kayan jarirai tana ba masu shago. Ya yi mata bayani. Ta ce tana da ragowar zare mai laushi, fari da ruwan ƙwai, in ta fara yanzu gobe da hantsi an gama biyu. Ta tambaya kan ya kai yaya.

Ya matsa kusa da gilashin ya duba da kyau.

"Kin san lemon da na saya ɗazu? Kamar matsakaici daga cikinsu."

"To ka biyo da ɗaya in gwada a kai," in ji Ladi.

Joseph ya koma ɗakin da sauri ya ɗauko lemon.